Wa Ke Gaba, Ganga Ko Baki? Fashin Baƙi Kan Faya-fayan Talking Heads

Ƙungiyar Talking Heads ta Amurka ta fitar da kundin waƙoƙi takwas na situdiyo tsakanin 1977 da 1988. Wanda ya saurare su a jere zai rantse ƙungiyoyi uku ne daban-daban, alhali mutum huɗu ne dai: David Byrne mai waƙa da jita, Tina Weymouth mai jitar bes, Chris Frantz mai ganguna, da Jerry Harrison mai jita da kibod. Mutanen suna nan yadda suke, tsarin aikinsu ne ya riƙa juyawa. A wasu faya-fayan mawaƙi ke shigowa da waƙarsa a gama, makaɗa su bi bayansa. A wasu kuwa ganga da bes ke fara shimfiɗa tabarma, sai daga baya a nemo kalmomin da za su zauna a kai. Wanda ya riƙe wannan zaren zai gane kowane kundi nasu, har da dalilin rabuwarsu.

Byrne da Frantz da Weymouth sun haɗu ne a makarantar zane-zane ta Rhode Island, suka koma New York, suka fara wasa su uku. Weymouth ba ta taɓa riƙe bes ba kafin nan; saboda ƙungiyar ta koya. Fitowarsu ta farko a watan Yuni na 1975 ce, a wani ƙaramin gidan kiɗa mai suna CBGB da ke unguwar Bowery, inda suka share wa ƙungiyar Ramones fage. A lokacin duk wanda ya fito daga wannan gida ana masa laƙabi da ɗan punk, gidajen rediyo kuwa suna gudun wannan suna kamar ciwo. Seymour Stein, mai kamfanin Sire da ya ɗauke su a ƙarshen 1976, shi ya dage a riƙa kiran irin kiɗansu new wave, wato sabon yayi, don faifai ya samu shiga rediyo. Amma bambancin bai tsaya a suna ba. 'Yan punk suna ƙure lasifika har jita ta riƙa gurnani. Talking Heads sukan bar jita fes, siririya, ana sarar ta gajeje-gajeje, su kuma hau dandamali da kaya irin na akawun ofis.

Harrison ya shigo a 1977 daga ƙungiyar Modern Lovers, kundin farko mai suna Talking Heads: 77 ya fito a watan Satumba na shekarar. Nan tsarin tsohon yayi ne: waƙa tana da baiti, tana da amshi, akasari Byrne ya rubuto. Wadda ta yi suna ita ce "Psycho Killer". Bes ce ke buɗe ta ita kaɗai, sauti ɗaya ake nanatawa, sai ƙananan sautuka biyu su mayar da shi farko. Akwai wani sashe da Faransanci, wanda Weymouth ta taimaka wajen rubutawa domin mahaifiyarta Bafaranshiya ce. Da waƙar ta fito mutanen New York sun ɗauka da wani makashi ake da ya addabi birnin a 1977, alhali an tsara ta shekaru kafin nan. Ta tsaya a lamba 92 a jadawalin Billboard. Aibin wannan kundi a wajen haɗa sauti yake: an tura ganga da bes baya, an bar murya da jita a gaba, sai ya zama kamar miya ba daddawa. Su kansu ba su ji daɗin aiki da furodusan, Tony Bongiovi, ba.

Shigowar Brian Eno, Baturen Ingila da ya yi zamani a ƙungiyar Roxy Music, ita ta gyara wannan. Sun tafi situdiyon Compass Point da ke Nassau a tsibiran Bahamas, suka naɗi More Songs About Buildings and Food, ya fito a 1978. Yawancin waƙoƙin tsofaffi ne da suka daɗe suna yi a dandamali. Eno ya jawo Frantz da Weymouth gaba, ya riƙa bi da sautin ganga da jita ta cikin na'urarsa ta sarrafa sauti yana sauya musu kama. Sun ɗauko "Take Me to the River" ta Al Green, suka rage mata gudu har ta yi nauyi, ta kai lamba 26, wadda ita ce nasararsu ta farko a kasuwa. Bangon faifan hoton su huɗu ne da aka harhaɗa da ƙananan hotunan Polaroid guda 529.

Daga nan rumbu ya ƙare. Ba sauran tsohuwar waƙa, dole a ƙirƙiro sabuwa. Fear of Music na 1979 an naɗi ginshiƙinsa ne a gidan Frantz da Weymouth, waɗanda suka yi aure a 1977, a unguwar Long Island City: motar naɗar sauti ta tsaya a waje, aka zura wayoyi ta taga. Dalilin shi ne a ɗakin gwajinsu suka fi sakin jiki. Sunayen waƙoƙin da yawa kalma ɗaya ce tak, irin su "Air" da "Paper" da "Cities" da "Heaven", kowacce tana nuna mutumin da ke tsoron abin da ba a saba tsoro ba. Ƙofar gaba kuwa waƙar farko ce ta buɗe ta, "I Zimbra". Kiɗan ya riga ya tsaya da ƙafarsa, ganguna da jitoci sun saƙu, amma duk kalmomin da Byrne ya gwada sai su ƙi zama. Eno ya kawo shawarar a ɗauko wata tsohuwar waƙar Hugo Ball, marubucin Jamus na ƙungiyar masu fasaha ta Dada, wadda kalmominta ba su da ma'ana a kowane harshe. Aka rera su cikin murya ɗaya kamar kirari. A nan ne suka fara gane cewa baki zai iya zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa.

Remain in Light, wanda ya fito a watan Oktoba na 1980, shi ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan aka juya tsarin gaba ɗaya. Tushensa a Legas yake. Eno da Byrne sun kamu da faya-fayan Fela Kuti, musamman Afrodisiac na 1973 da aka naɗa a Landan. A kiɗan Fela waƙa ɗaya takan haura minti goma ba tare da an sauya gindin sauti ba. Jita ɗaya tana da ɗan guntun abin da take maimaitawa, ta biyu tana da nata, bes da nata, shekere da sandunan bugu da nasu, Tony Allen kuma yana tsakiya da ganguna yana ɗinke su. Babu wanda ke yin abu mai wuya shi kaɗai. Wuyar a haɗuwar take. Byrne kuma ya karanta littafin John Miller Chernoff na 1979 kan kiɗan Afirka, mutumin da ya koyi kiɗa a Gana, har da wajen makaɗan Dagomba na Tamale masu buga lunga, 'yar'uwar kalangu. Kunnen da ya saba da kalangu da 'yan amshi ba zai ga baƙon abu ba a nan: kiɗa na zagayawa wuri ɗaya, mawaƙi na yawo a kansa. Ga masu rock na Amurka kuwa, waɗanda waƙarsu ke tafiya bisa sauyin gindin sauti daga baiti zuwa amshi, wannan kamar a ce a gina ɗaki ba ƙofa ne.

Ga yadda suka yi aikin. Sun koma Compass Point a tsakiyar 1980 ba waƙa ko ɗaya a hannu. Za su kama kiɗa su yi ta yi, tef na juyawa. Daga baya a zauna a saurara, a tsinto 'yan daƙiƙun da abin ya zauna daram. Sai kowa ya koyi ɗan guntun da ya yi a wannan wuri, ya maimaita shi da hannu minti biyar ko shida ba kuskure. A yau kwamfuta ke yin wannan da danna maɓalli ɗaya. A lokacin mutum ne injin. Tef ɗin mai faɗin inci biyu ne, yana da layi 24, kowane kayan kiɗa da layinsa. Da an samu ginshiƙi sai a yi ta ɗora wasu a kai: jita ta biyu, ta uku, ƙararrawa, kibod, wata bes ɗin.

Matsala ta farko: idan komai na tafiya daga farko har ƙarshe ba sauyi, ina baiti, ina amshi? Maganin a teburin haɗa sauti yake. Kowane layi yana da maɓallin da ke toshe shi. A toshe layi shida a bar huɗu, an samu baiti. A buɗe su duka, an samu amshi. Ke nan da almakashi aka ɗinka rigar. Matsala ta biyu cunkoso ce. Idan jita biyu suka faɗi kan bugu ɗaya, ko kibod ya zauna a kaurin da bes take, sautin sai ya dagule ya zama kunu. Dokar ita ce kowa ya bar rami, wani ya cike. Saurari "The Great Curve": ta haura minti shida a kan gindi ɗaya, amma muryoyi kashi uku ne ke shiga tsakanin juna, kowanne da nasa kari, ba wanda ya taka ƙafar wani. Ga kuma ƙarancin layi. Ganguna kaɗai kan cinye layuka da dama, in kuwa 24 suka cika dole a narka wasu wuri ɗaya, abin da aka narka kuma ba ya sake rabuwa. Injiniyan farko, Rhett Davies, bai jure saurin aikin ba, ya tafi cikin 'yan kwanaki; Steven Stanley ɗan Jamaika da Dave Jerden suka ɗora.

"Once in a Lifetime" tana da wani sirri na lissafi. Kiɗan yana tafiya ne bisa ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Eno ya ji farkon zagayen a inda makaɗan ke ƙirga uku. Maimakon a gyara, sai ya ce kowa ya riƙe nasa. Wasu sassan an naɗe su bisa wannan ƙirga, wasu bisa waccan, shi ya sa mai sauraro ke jin kamar yana tsaye a kwalekwale. Bes ɗin Weymouth ba ta canza ko sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Karin amshin Eno ne ya fara rera shi ba kalmomi, Byrne ya zo ya cusa kalmomi.

Matsala ta uku ita ce kalmomin kansu. Da suka dawo New York, Byrne ya kakare. Salon rubutunsa na da, mai ɗari-ɗari da kame-kame, ya ƙi hawa wannan kiɗa. Mafitarsa biyu. Yakan kunna tef ya yi ta furta sautuka marasa ma'ana har kari ya fito, sannan ya nemo kalmomi masu adadin gaɓoɓin da suka dace. Ya kuma riƙa sauraron masu wa'azin Kirista na rediyon Amurka, ya ari yadda suke jefa magana gunduwa-gunduwa jama'a na amsawa. Baitocin "Once in a Lifetime" wa'azi ne ga mutumin da ya wayi gari da babban gida da mota da mata, bai san yadda aka yi ya iso nan ba. An gayyato Adrian Belew ya sa jita ta yi kukan dabbobi, Jon Hassell ya busa ƙaho a "Houses in Motion", Nona Hendryx ta ƙara murya.

Waƙoƙi takwas ne, kimanin minti arba'in. Fuskar farko ta faifan uku ne masu gudu, ta biyu kuwa tana ta yin sanyi har ta ƙare da "The Overload", wadda suka yi don kwaikwayon ƙungiyar Joy Division ta Ingila daga abin da suka karanta a jaridu, ba tare da sun taɓa jin ta ba. A faɗi gaskiya, kundin ba afrobeat ba ne, wato salon kiɗan Fela. Hannun Frantz a miƙe yake, ya fi kusa da funk da disko. Ba shi da lanƙwasar Tony Allen. Ba rundunar masu busa. Mutanen Fela kuma tare suke kiɗa a lokaci ɗaya suna kallon juna, waɗannan kuwa bulo-bulo suka jera a tef. Dabarar suka ara, suka yi wani abu nasu da ita. A Birtaniya "Once in a Lifetime" ta kai lamba 14, a Amurka ba ta shiga ɗari na farko ba a lokacin.

Matsala ta huɗu ta bayyana da aka zo hawa dandamali: mutum huɗu ba za su iya buga abin da layi 24 suka ɗauka ba. Sai ƙungiyar ta kumbura ta kai mutum tara, har da Belew, da Bernie Worrell na Parliament-Funkadelic a kibod, da Busta Jones a bes ta biyu, da Steve Scales a ƙananan ganguna, da Dolette McDonald a amshi.

Ta biyar ita ce ba ta warke ba. A harkar kiɗa kuɗi kashi biyu ne: na naɗar faifai, da na marubucin waƙa. A al'ada marubuci shi ne mai kalmomi da kari, gidan rediyo a Amurka kuma marubuci yake biya, ba makaɗi ba. To idan daga ganga da bes waƙa ta tsiro, wa ya rubuta ta? Frantz da Weymouth sun ce an yi yarjejeniya za a jera sunayen duka biyar, wato su huɗu da Eno, amma da faifan ya fito sai suka ga sunan Byrne da na Eno a gaba, sauran an dunƙule su ƙarƙashin sunan ƙungiya. An gyara a bugu na baya, tabon dai ya zauna. Daga wannan kundi ƙungiyar ba ta sake aiki da Eno ba.

A 1981 kowa ya kama gabansa na ɗan lokaci. Byrne da Eno suka fitar da My Life in the Bush of Ghosts, sunan da suka aro daga littafin Amos Tutuola, marubucin Najeriya, na 1954. Sun ɗora muryoyin da suka tsinto daga rediyo da faya-fayan wasu a kan kiɗa, har suka yi gangancin sa karatun Alƙur'ani na wasu 'yan Aljeriya. Wata majalisar Musulmi a Birtaniya ta yi ƙorafi, aka cire shi daga bugu na gaba. Haɗarin ɗaukar murya a matsayin sauti kawai ke nan, ba tare da sanin matsayinta wajen masu ita ba. Frantz da Weymouth kuwa suka kafa Tom Tom Club, waƙarsu "Genius of Love" ta yi kasuwa, 'yan hip hop suka yi ta gutsurar ta, Mariah Carey ma ta gina "Fantasy" a kanta a 1995. Wannan ya ƙara musu ƙarfin baki a cikin gida.

Speaking in Tongues na 1983 su suka shirya abinsu. Tsarin dai kiɗa ne farko, amma an rage kaya, an dawo da baiti da amshi na sosai. "Burning Down the House" ita kaɗai ce waƙarsu da ta shiga goman farko a Amurka, a lamba 9. Taken ya fito ne daga ihun 'yan kallo da Frantz ya ji a wasan Parliament-Funkadelic. A "This Must Be the Place" musayar kaya suka yi: Weymouth ta ɗauki jita, Harrison ya buga sautin bes a kibod, aka bar ɗan kari ɗaya mai sauƙi yana zagayawa har ƙarshe, irin wanda gwani zai ji kunyar tsayawa a kansa.

Rangadin wannan kundi shi Jonathan Demme ya ɗauka a gidan wasan Pantages na Hollywood a watan Disamba na 1983, ya zama fim ɗin Stop Making Sense na 1984. Tsarinsa kansa darasi ne kan yadda ake gina kiɗansu. Byrne ya fito shi kaɗai da jita da rakoda, ko da yake bugun da ake ji daga injin ganga na Roland TR-808 yake zuwa ta teburin sauti. Waƙa ta biyu Weymouth ta shigo, ta uku Frantz, ta huɗu Harrison, ma'aikata na turo kaya a idon jama'a har dandamali ya cika. Ƙatuwar kwat ɗin nan da Byrne ya sa daga tufafin wasan Noh na Japan ya samo ta. Bayan farkon 1984 ba su sake fita rangadi ba.

Sai aka koma gidan jiya. A Little Creatures na 1985 Byrne ya zo da waƙoƙinsa a gama, sauran suka yi rakiya. Shi ya fi kowane kundinsu na situdiyo ciniki, fiye da kwafi miliyan biyu a Amurka, "Road to Nowhere" kuma ta kai lamba 6 a Birtaniya. Waƙoƙi ne masu daɗi, amma Frantz da Weymouth ba su da abin yi sosai a ciki. True Stories na 1986 ya fi rauni: waƙoƙi ne da aka rubuta domin 'yan wasan fim ɗin Byrne su rera, ƙungiyar ta sake naɗar su. Abin da aka fi tuna shi da shi yau shi ne waƙar "Radio Head", inda ƙungiyar Radiohead ta samo sunanta.

Naked na 1988 yunƙuri ne na komawa ga ganga. Sun tara gomman gwaje-gwajen kiɗa a New York, suka tafi Faris da furodusa Steve Lillywhite, inda makaɗan Afirka ke da yawa a lokacin. Mory Kanté na Gini ya buga kora, Yves N'Djock ɗan Kamaru ya buga jita, Abdou M'Boup na Senegal ya buga ganguna, Johnny Marr, mai jita ɗan Ingila, ya sa hannu a "(Nothing But) Flowers". Wannan karon tare aka yi kiɗan a ɗaki ɗaya, shi ya sa ya fi Remain in Light ɗumi, ko da yake rabin ƙarshensa ya yi nauyin ƙafa. Kalmomi a New York aka ɗora su daga baya. A watan Disamba na 1991 Byrne ya faɗa wa jarida cewa ƙungiyar ta watse; sauran sun ce a jarida suka gani. Sun sake kiɗa tare sau ɗaya a 2002, ranar da aka shigar da su zauren girmamawa na Rock and Roll.

A 2018 Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin ta sake rera Remain in Light gaba ɗayansa, waƙoƙi takwas ɗin nan. Ta dawo da masu busa ƙaho, ta ƙara amshi cikin harsunan ƙasarta. Cikin waɗanda suka buga mata ganga har da Tony Allen.